Ɗan Farin Hansai a Bakin Ƙofa

Gidan da Hansai take zaune a Batsari ba don tsofaffi aka gina shi ba. Na wani falken hatsi ne da ya rasu, magadansa suka koma Katsina suka bar wa mutanen unguwa makulli. Da ƙauyuka suka fara watsewa saboda 'yan bindiga, masu ƙarfi suka yi gaba, wasu Katsina, wasu Kano, wasu har kudu. Waɗanda ƙafa ba za ta kai su ba suka rage a rumfunan kasuwa da barandar makaranta. Su ne kwamitin unguwar ya kwaso ya kawo nan. Babu allo a ƙofa, amma duk wanda ka tambaya gidan dattijai zai nuna maka.

Tsofaffi tara ne a ciki, mata shida, maza uku. Mai kula da su mace ɗaya ce, Rahma, wadda ta yi karatun kiwon lafiya kuma mijinta ya rasu. Ita ke wankan waɗanda ba sa iya yi da kansu, ita ke auna musu jini, ita ke juya wata tsohuwa da ta shanye don kada kwanciya ta ci mata baya. Akwai mai dafa abinci da ke zuwa da safe ta tafi bayan la'asar, sai mai gadi, Labaran, magidanci ne, ɗan sintirin unguwa. Gidan ba shi da yalwa, amma a share yake. Bayan wani tsoho ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, Rahma ta sa an kafa bututun ƙarfe a jikin bango don a riƙa dafawa, aka kuma farfasa santsin simintin. Kowane gado da gidan sauro. Tuwo da laushi ake tuƙa shi saboda yawancinsu ba haƙora. Abin da gidan ya rasa shi ne baƙi. Sai a yi mako ba wanda ya yi sallama don wani daga cikinsu.

Hansai ta haura saba'in, ita ma ba ta san da nawa ba. Siririya ce, gwiwarta ta hagu ta kumbura, tana dogara sanda. A wata ruga yamma da Runka aka haife ta, kuma har yau in ta manta kanta da Fillanci take ƙirga. Ta auri Daudu, wanda yake noma gero yana kuma kiwo, ta yi shekaru tana ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwar Runka. Idan ka zauna da ita za ta ba ka labarin shanun gidan ɗaya bayan ɗaya, da launinsu da halinsu, da wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita. Za ta gaya maka 'ya'yan da ta binne: biyu suna ƙanana, ɗaya wajen haihuwa, ɗaya zazzaɓi ya ɗauke shi yana saurayi. Daga nan sai ta tsaya.

Akwai na biyar, shi ne ma na farko. Sunansa Salmanu. Ba daga bakinta na ji ba, kuma ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. A gidan da ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Ana yaye Salmanu kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita yake kira Inna. Idan Hansai tana son a ba shi fura sai ta ce a miƙa wa wancan. Idan ya shigo ta ƙofa, ita sai ta sami abin yi a bayan ɗaki. Shi ma haka ya taso, bai taɓa cewa uwata ba. Ba gaba ba ce, kowa a rugar ya san kunya ce, kuma an yaba mata a kai.

Daudu ya rasu. Bayansa aka kore shanun gaba ɗaya a rana guda. Salmanu, da yake a lokacin ya kusa hamsin, ya bi motar shanu zuwa kudu, ya sami aikin tsaron dabbobin fatake a wata kara, wato kasuwar shanu. Yana can aka tashi rugar. Hansai ta hau akori-kura da maƙwabta zuwa Batsari. Maƙwabtan suka ce za su wuce Katsina, ita gwiwarta ta hana, suka bar ta a rumfar wata mai ƙosai da alkawarin za su aiko. Ba su aiko ba.

Ranar da aka kawo ta gidan, Rahma ta tambaye ta kamar yadda take tambayar kowa.

"Inna, kina da 'ya'ya?"

"Huɗu na binne," in ji Hansai.

Gaskiya ta faɗa. Rahma ta yi mata ta'aziyya, ta ɗauka ba ta da kowa, haka kuma ta gaya wa kwamiti da mai gadi.

Aka haɗa ta ɗaki da Uwani, wata tsohuwa daga Karare da idanunta suka yi hazo amma bakinta bai mutu ba. Uwani ce kaɗai ke sa ta magana.

"'Yar ruga, yau ma kin tashi kina neman saniyar tatsa? Ga Rahma nan, gwada ta."

"Ke kaɗo me kika sani ban da daka gero?"

"Geron nan dai shi kike sha kullum, ban ga kin zubar ba."

Haka suke yini. In Uwani ta yi barci, Hansai takan jawo tabarma zuwa inuwar bango ta zauna ita kaɗai har a kira salla.

Gidan yana da doka guda mai tsauri, kuma da dalili aka kafa ta. An taɓa yin wani mutum da ya zo ya ce shi ɗan ƙanin ɗaya daga cikin tsofaffin ne, ya ɗauke shi a babur wai za su gaida dangi. Da yamma aka tsinci tsohon a tasha shi kaɗai, da tawada a babban yatsansa, an sa shi ya dangwala a kan takardar sayar da gonarsa. Ga kuma tsoron infoma, masu shigowa gari su ga hanya su kai wa mutanen daji rahoto. Sai kwamiti ya yanke cewa ba baƙon da zai wuce zaure sai an fito da tsohon da ya zo nema, ya dube shi, ya faɗi sunansa da bakinsa, ya faɗi abin da ke tsakaninsu. Labaran ya riƙe dokar da gaske. Ya ce mini tun da aka kafa ta ba a sake fitar da kowa ba, kuma gaskiyarsa ne.

Salmanu ya yi watanni yana tambayar direbobi kafin wani ya ce ya ga matar marigayi Daudu a Batsari. Ya zo ranar kasuwa, a farkon damina, da leda a hannu: sabulu, sukari, turmin atamfa. Dogo ne, fari, da rawani ya rufe haɓa, irin kamannin da a shekarun nan ake bi da kallo a garin. A ƙofar gidan akwai teburin mai shayi, matasa na zaune.

"Wajen wa?" in ji Labaran.

"Wajen Hansai, ta Runka."

"Mece ce ɗinka?"

Salmanu ya dubi ƙasa. "Ta gidanmu ce."

"Gidanku ina? Ita ta ce ba ta da kowa."

Labaran ya shiga ya fito da Hansai tana dogara sanda. Da ta ɗaga kai ta ga wanda ke tsaye, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya gefe. Shi ma ya durƙusa yana kallon takalmansa. Matasan suka daina shan shayi.

"Inna, kin san wannan?"

Shiru.

"Faɗi sunansa kawai ya shiga, Inna. Ba wani abu ba ne."

"Ku tambayi wani," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke muke tambaya. Wane ne shi?"

Sai ta juya ta koma cikin gida. A wajenta ta gama karɓarsa ke nan, don haka ta saba yi tun yana yaro: ta kauce, ya shigo, ta aika masa da ruwa. Ta je ɗaki ta zaro sabuwar tabarmar da aka raba musu da azumi, wadda ba ta taɓa hawa ba, ta shimfiɗa a inuwa. Rahma na banɗaki tana yi wa mai shanyewar jiki wanka. Hansai ta ce da mai dafa abinci, "A kai wa baƙo ruwa." Ta koma bakin ɗaki ta zauna ta ba ƙofa baya, tana jiran ta ji takunsa.

Mai dafa abincin ta ƙarasa sauke tukunya kafin ta fita da kofin. Ta dawo da shi cike.

"Ai an tafi da shi, Inna. Sun ce infoma ne. Allah ya tsare ki da ba ki kula shi ba."

Tabarmar ta kwana biyu a wurin kafin Rahma ta naɗe ta saboda ruwan sama.

Abin da ya faru a waje, daga bakin mutum uku na haɗa shi. Matasan sun kai Salmanu rumfar 'yan sintiri. A can ya faɗi abin da bai faɗa a ƙofa ba, ya ce ita ta haife shi. Suka yi masa dariya, suka ce matar ta binne 'ya'yanta duka, kuma wace uwa ce za ta ga ɗanta ta juya masa baya. An doke shi. Wani dillalin shanu da ya zo wucewa ya gane shi, ya rantse ya san ubansa, ya sha sayen bijimi a hannun Daudu. Aka sake shi bisa sharaɗin ya bar gari kafin magariba. Dillalin ya sa shi a motar Katsina, ledar ta rage a hannun dillalin, shi kuma ya ji tsoron kai ta gidan don kada a ce da shi ake haɗa baki.

Daga ranar Hansai ta rage cin abinci. Rahma ta lura da wuri, don tana duba kwanon kowa kafin a wanke. Ta duba bakinta ko gyambo ne, babu. Ta yi mata gwajin zazzaɓi, babu. Ta sa aka dama mata kunu da nono, ta kurɓa sau biyu ta ture. Tambayar duniya, amsa ɗaya: "Lafiya lau." Da ta fara jiri in ta miƙe, Rahma ta ɗauke ta a Keke zuwa asibitin garin, aka yi mata ƙarin ruwa, aka ce jininta ya yi ƙasa, a riƙa ba ta abinci mai kyau. Suka dawo, kwano ya ci gaba da komawa kamar yadda aka kawo shi. Rahma ta ce mini a lokacin ta fara tsoron tsohuwar za ta mutu a hannunta ba tare da ta san abin da ya kashe ta ba.

Uwani ce ta gano. Ba ta ga baƙon ba, idonta ba ya kai zaure, amma ta ji an shimfiɗa tabarma, ta ji an ce a kai ruwa. Wata rana da hantsi, suna zaune su biyu, ta daina tsokana.

"Hansai. Mutumin nan na ranar kasuwa. Ƙaninki ne?"

"A'a."

"Ɗan mijinki ne?"

Shiru.

"Ke. Na fari ne?"

Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska. Uwani ta saki salati da ƙarfi har tsofaffin ɗakin maza suka tambaya wa ya rasu.

"Rahma! Rahma, zo nan, kun yi aika-aika! Ɗan farinta kuka ba 'yan sintiri!" Ta juya kan Hansai. "Ke kuma da bakinki kamar an ɗinke! Kunya har ta kai a kashe miki ɗa kina zaune? Ni nawa na farin da ya yi mini rashin ji, sunansa na kira har da na ubansa."

"Ku haɓe ba ku da ta ido," in ji Hansai daga cikin mayafi.

Rahma ta san al'adar, kakarta ma ta yi ta. Labaran ya sani. Shugaban kwamitin, Malam Nurain, tsohon malamin firamare, shi kansa ɗan fari ne, ya ce har mahaifiyarsa ta rasu Malam take ce masa, kafin nan kuma yaron nan. "Da muka zauna muka tsara dokar, ɓarawo muke tunani," in ji shi. "Ba wanda ya kawo uwa da ɗan fari a ransa. Yaran yanzu suna kiran nasu da suna har a gaban surukai, sai muka ɗauka abin ya wuce. Alhali gidan tsofaffi muke riƙe da shi."

Aka nemo dillalin. Ya kawo ledar, ya kuma samo lambar wani bafatake da Salmanu ke yi wa aiki. Sai da aka yi ta kira kafin a same shi. Rahma ta sa wayar a amsa-kuwwa, ta ajiye a kan tabarma tsakanin tsofaffin biyu. Hansai ta juya ta fuskanci bango.

Salmanu ya gaida Rahma, ya gaida Uwani gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen gida gaba ɗaya, bai ware kowa ba. Uwani ta amsa.

"Ki tambaye shi," in ji Hansai, da bango take magana, "ko sun taɓa shi."

"Ka ji," in ji Uwani. "Wai sun doke ka?"

"Ki ce kaɗan ne. Ya warke."

"Ya ce kaɗan ne. Ƙarya yake yi, amma ya ce kaɗan ne."

"Baba Uwani," in ji shi, "an ce akwai wadda ba ta cin abinci a gidan nan."

"Akwai. Taurin kai gare ta kamar jakin kasuwa."

"A ce mata ta ci."

Hansai ta ɗan motsa. "Ki tambaye shi yaushe."

Salmanu ya ce sai bayan kaka, in an sami hanya. Ya ce ba zai ɓoye ba, gabansa na faɗuwa in ya tuna Batsari, kuma fuskokin da suka kama shi suna nan a ƙofar. Malam Nurain, da ke tsaye a bakin ɗakin, ya karɓi wayar ya ba shi haƙuri da sunan unguwa, ya ce in zai zo ya kira, shi da kansa zai tarye shi a tasha. Salmanu ya ce ya gode, Allah ya kai mu. Bai sa rana ba.

Da yammar ranar Hansai ta ci rabin tuwonta. Ƙarfinta ya dawo a hankali, ko da yake Rahma ta ce ba ta koma yadda take ba. Atamfar tana ƙarƙashin matashinta, ba ta yarda a kai wa tela ba.

Kwamitin ya gyara dokar. Yanzu ba a fito da tsoho zaure gaban jama'a. Rahma ce ke shiga ɗaki ta tambaya a keɓe, kuma in tsohuwa ta yi shiru ba a ɗauka ta ƙi ba, sai a nemi abokiyar ɗakinta. Rahma ta kuma sake bin tsofaffin ɗaya bayan ɗaya da wata tambayar: ban da waɗanda kika faɗa, akwai wanda ba kya faɗa? Ta sami ƙarin mutum biyu da ba a san suna da kowa ba.

Kaka ta zo ta wuce. Salmanu yana kira jefi-jefi, ta bakin Uwani ake maganar kamar kullum. Ni ma na same shi a waya. Ya ce ɗaki ɗaya suke kwana su biyar a bayan kara, ba inda zai ajiye tsohuwa, kuma gidan ya fi mata inda yake. Da na tambaye shi ko ya ji haushin abin da ta yi a ƙofa, sai ya ce, "Da ta kira sunana a gaban mutanen nan, da na ɗauka ta ruɗe ne." Game da zuwa, ya ce yana nan yana shiri.

Hansai ta sauya wurin zama. Ta bar inuwar bango ta koma kusa da randa, inda ake hango zaure, ko da yake rana na dukan wurin da hantsi. Ranar kasuwa ba ta komawa ɗaki sai an kira magariba. An gaya mata dokar ta canza, ba wanda zai sake tsare ta da tambaya, amma ba ta gamsu ba.

Zuwana na ƙarshe ranar kasuwa ne, da safe, kafin matasa su taru wajen mai shayi. Ina zaure tare da Labaran sai ga ta ta taso da sandarta, tana hutawa a hanya. Rahma ta zo za ta riƙe ta, ta ce a bar ta. Ta tsaya a bakin zauren, ta gaida Labaran, ya durƙusa ya amsa. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta rufe. Ta sake gwadawa, bai fito ba. Ta dubi ƙasa.

"Dogon nan," in ji ta. "In ya sake zuwa, kada ka tambayi kowa. Nawa ne."

"Na ji, Inna. Wallahi na ji."

Ta juya ta koma kusa da randa ta zauna. Motocin Katsina suka yi ta shigowa suna sauke mutane har la'asar. Ba ya cikinsu.